Shekarar da Aka Ɗauki Hoton Hannuna

Ku da kuke zuwa shagon nan koyon kwamfuta, na san abin da kuke faɗa idan na fita salla. Kuna cewa aikin Malam Habu ai ba aiki ba ne, zama ne kawai da tabarau: wani ya sha wahala ya rubuta, shi kuma ya ɗiga ɗigo nan, ya ja layi can, a ce ya yi sana'a. Ɗayanku har ya ce wayarsa ma tana yi. Ban ji haushi ba, ni ma haka na ɗauka ranar da aka kai ni. To tunda an ɗauke wuta, injuna sun yi shiru, ku matso ku ji yadda gyaran rubutu yake.

A birnin Kano na koya, a wata ƙaramar maɗaba'a, a hannun wani dattijo da kowa ke kira Baba Iro. A wancan lokacin, da haruffan dalma ake jera rubutu, ɗaya bayan ɗaya, kuma a juye, sai an shafa tawada an danna a takarda sannan kalma take miƙewa. Kawuna ne ya kai ni, bayan na gama makarantar horon malamai ban sami gurbin koyarwa ba. Na je ina ɗaga kai, ina ganin Hausa ai da ita na tashi. Baba Iro ya miƙo mini shafi guda ya ce in duba. Na karanta na ce lafiya lau yake. Ya ce in sake. Na sake, na ce har yanzu ban ga komai ba. Sai ya ɗauko rula ta katako ya rufe shafin, ya bar layin farko kaɗai, ya ce in karanta da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. A layin farkon nan an buga "da" sau biyu a jere, na bi ta kai ban gani ba.

Ya ce, "Kai ma'ana kake karantawa. Mu a nan tawada muke fara karantawa. Idan ka gama da tawada, sai ka koma kan ma'ana."

Ya daɗe bai ba ni biro ba. Aikina shi ne riƙon asali, wato ni ke riƙe da rubutun hannun marubuci ina karantawa a fili, har da waƙafi da aya, shi kuma yana bin wanda aka buga. Kullum sai muryata ta dushe kafin la'asar. Ranar da ya yarda da ni, abu huɗu ya ajiye mini a tebur: rula, magogi, fensir da jan biro. Su ne waɗannan da kuke gani, sai dai an yi ta sauya su.

Ga dokarsu, ku riƙe ta. Jan biro na mai buga rubutu ne. Shi ɗan gida ne, kuma kuskurensa ba ra'ayi ba ne, hannu ne ya zame, saboda haka a soke masa kai tsaye. Fensir kuwa na marubuci ne. Shi ba a soke masa kalma. Ɗan layi ake ja a ƙarƙashinta, a rubuta a gefe, "Ko haka ake nufi?" Na taɓa tambayar Baba Iro, to idan na tabbata kuskure ne fa? Ya ce, "Yau ka tabbata. Gobe zai zo ya ce maka a garinsu haka ake faɗa." Bayan na dawo gida Gwarzo na ga hakan da idona. Wani malamin firamare ya rubuta "tahiya" a cikin labarinsa, na tambaya a gefe ko "tafiya" yake nufi. Ya ce a'a, kakarsa ce ke magana a wurin, ita kuwa mutuniyar ƙasar Katsina ce, haka take faɗa har ta koma ga Allah. Da na soke da ja, da na soke masa kakarsa.

Akwai wata fasta da ba na mantawa. Lokacin Alhaji Garba, mai shagon nan, bai daɗe da sayen kwamfuta ba, kuma mai buga mana rubutu ya koyi sa lanƙwasa a kan haruffan k da d da b, abin yana ba shi sha'awa, ko'ina sai ya sa. Wani mai neman kansila daga Gude ya kawo aikinsa cikin gaggawa, motar da za ta kai fastocin tana jira a waje. Abin da ya rubuto shi ne, "Zan kare haƙƙin manoma." Abin da ya fito a takarda kuwa, "Zan ƙare haƙƙin manoma." Na ce a dakata. Ɗan takarar ya leƙo ya ce, "Haba Malam, wannan 'yar ƙugiyar wa zai lura da ita? A buga kawai." Na ce, "Alhaji, karanta mini shi da ƙarfi yadda yake a rubuce." Ya karanta. Sannan ya fita ya ce wa direba ya kashe mota.

Wannan mai sauƙi ne. Mai wuya shi ne faɗa wa mutum ya yi kuskure ba tare da ka kashe masa gwiwa ba, kuma har yau ban ce na gama iyawa ba.

Malama Rabi 'yar Getso ce, tana koyarwa a wata kwalejin ilimi. Ta rubuta maƙala a kan sunayen irin gero da dawa da wake da tsofaffin manoman garinsu ke amfani da su, ta aika wa wata mujallar masana. Yadda suke yi, sai su ba wani masani irinta ya duba, ba ta san shi ba, bai san ta ba. Da aikin ya dawo ta kawo mini shi a cikin leda, ta ajiye a tebur ko buɗewa ba ta yi ba.

Bayan mun gaisa, na tambayi mutanen gida da hanya, ta ce, "Baba, duba mini ko akwai abin da za a iya ceta. Idan babu, in bar wa masu ƙosai."

Na buɗe. Shafi ya yi jajir. A gefe an rubuta, "Wannan ba Hausa ba ce." A wani wurin, "Shirme." A ƙarshe kuma, "Marubucin ya fara koyon raba kalmomi kafin ya shiga bincike." Na ɗauki rula na bi layi layi, ina sa ran in ga mutumin nan mugunta kawai ya yi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kusan duk inda ya taɓa yana da gaskiya. Ta haɗe kalmomin da ake rabawa, ta kawo sunan iri guda da rubutu iri biyu, akwai wurin da ta ce "duk manoma" alhali na Getso kaɗai ta tambaya. Mutumin ya san aikinsa, ya kuma ba aikin lokaci. Amma ya faɗa ta yadda mai aikin ba za ta iya ji ba. Na rasa yadda zan kira shi, mai taimako ko mai ɓarna.

Abin da na yi, na sami kwafi mai tsabta na kwashe gyare-gyarensa duka da fensir, na mai da kowanne tambaya. Inda ya ce shirme, na rubuta, "Ko za a ƙara bayani a nan? Mai karatu na iya ɓacewa." Ban rage ko ɗaya ba, ban ƙara nawa ba sai kaɗan. Da ta karanta ta ce, "Ai waɗannan duk masu yiwuwa ne." Na ce, "Nasa ne, ba nawa ba." Ta dube ni, ta dubi jan shafin, ta daɗe tana gwada shi da nawa. Maƙalar ta fito daga baya. Yanzu ita ma ana aiko mata da aikin wasu ta duba, kuma wani lokacin takan kira ni ta ce, "Baba, wannan aikin ya lalace da yawa, ta yaya zan faɗa?"

To yanzu ga shekarar da ta kusa raba ni da teburin nan.

Malam Yahuza malami ne a Garo, yana da makarantar Islamiyya, kuma manomi ne na sosai. Ya rubuta ɗan littafi a kan hukunce-hukuncen noma: zakkar hatsi, aron gona, rikicin iyaka, ɓarnar dabbobi. Kafin ya kawo mana, sai da ya kai wa Malam Ɗahiru na Kabo ya duba masa ilimin da ke ciki. Su biyun tsara ne, sun saba a wasu mas'aloli, ɗalibansu ma ba su cika jituwa ba, amma kowannensu yana ganin girman ɗan'uwansa. Na ga abin da Malam Ɗahiru ya rubuta a gefen shafuka, kuma ban taɓa ganin ladabin gyara irin nasa ba. Wuri guda ya ce, "Ɗan'uwa, a kwafin da ke hannuna lafazin ya ɗan bambanta. Ko za a sake dubawa? Wataƙila nawa ne ke da matsala." Alhali ya san ba nasa ba ne.

Ni aikina harshe ne da bugu. A wani shafi akwai hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ke maganar ladan mai shuka, da Larabcinsa da fassararsa. Mai buga rubutu ya kwafo shi ya manna, sai hannunsa ya sake mannawa, hadisin ya fito sau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Kuskuren ɗan gida ne, saboda haka na ɗauki jan biro na ja layi biyu a karkace a kan na ƙasan, na rubuta a gefe, "Maimai ne, a cire." Na yi irin wannan ban san iyaka ba. Na juya shafi na ci gaba.

Bayan 'yan kwanaki ina karin kumallo sai ƙanina da ke Legas ya kira. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, zoben azurfan nan mai koren dutse har yanzu yana hannunka?" Na ce yana nan, lafiya? Ya ce in duba wayata.

Hoto ne. Ga shafi, ga Larabci da fassara, ga jajayen layuka biyu sun ratsa su, ga hannuna riƙe da biro, zobe a yatsa. Hadisin na sama, wanda ban taɓa ba, an yanke shi daga hoton. Gefen da na rubuta dalili, shi ma babu. A ƙarƙashi an sa, "Wani ɗan boko a Gwarzo yana soke hadisai daga littattafan malamai. A yaɗa."

Na daɗe ina kallonsa. Hannuna ne, birona ne, layukan ma ni na ja. Ba a ƙara komai a ciki ba. Amma abin da hoton ke faɗa ban yi shi ba. Duk rayuwata na san kuskure iri biyu ne, ko an sa abin da babu, ko an bar abin da ke akwai. Wannan kuwa na rasa da wane biro ake gyara shi.

Wa ya ɗauka? Har yau ban sani ba. Kun ga inda teburina yake, bakin ƙofa. Masu fotokwafi suna tsayawa a kaina, masu hoton fasfo suna jira a bayana, kowa da waya a hannu. Na zauna na yi ta tuno fuskokin ranar, kowace na ɗauko sai in ga ba ni da hujja, in ajiye.

Kafin azahar an fara tsayawa a ƙofar shago ana leƙe. Ba wanda ya zage ni a fuska, kallo ne kawai, kuma hannuna ake kallo. Alhaji Garba ya ja ni gefe ya ce, "Malam Habu, na san abin da ya faru, ni shaida ne. Amma ka ga injunan nan, su ne duk abin da na mallaka. Ka ɗan huta a gida har abin ya lafa." Ban ga laifinsa ba. Na kwashi rulata da fensir da shafin nan na tafi.

Mai unguwa ya aiko a kira ni. Na je da shafin, ya sa tabarau ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, "Ai wannan ba magana. Ga hadisi nan lafiyarsa ƙalau." Na ce to alhamdu lillahi. Ya miƙo mini takardar ya ce, "Ni na gani. Amma mutum nawa zan nuna wa? An ce har Zariya abin ya kai."

Malama Rabi ce ta zo gida da dabara. Ta ce, "Baba, da hoto aka ɓata, da hoto za a gyara." Ta shimfiɗa shafin a kan tabarma inda haske yake, ta ɗauke shi duka, da hadisin na sama da na ƙasa da rubutun gefe, ta sa a duk guruf ɗin waya da take ciki, ta yi bayani mai kyau. Na ce shi ke nan, an gama. Washegari ta dawo fuska ba walwala, ta karanta mini abin da ake cewa. Wai na biyun haɗi ne. Wai ai a shagon kwamfuta yake aiki, me zai hana su ƙera wani shafin su rufe laifi. Wani ya ce a dubi tawadar gefen, sabuwa ce. Wato na gaskiyar ya zama na ƙarya, yankakken ya zama asali. Na ce mata, "To yanzu wane hoto za mu ɗauka da zai nuna wannan hoton gaskiya ne?" Ta ce ita ma abin da take tunani ke nan tun a mota.

Malam Yahuza ya yi saƙon murya, ya ce littafinsa ne, ba a soke masa komai ba. Aka ce an roƙe shi ne ya rufa asiri.

Ina cikin wannan sai ga sallama a ƙofar gida, wasu mutane daga Kabo, sun yi shiga ta mutunci. Hajara matata ta ce kada in fita. Na fita. Muka gaisa, an zo lafiya, ya iyali, ya ibada, ya haƙuri da jama'a. Sai babbansu ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, mun zo mu yi maka jinjina ne. Allah ya ƙara maka ƙarfin hali."

Na ce, "A kan me?"

Ya fito da waya. Hoton nan ne dai, amma rubutun ƙasa ya sauya. Yanzu cewa aka yi Malam Ɗahiru ne ya gano hadisin bai inganta ba, ya ba da umarni a soke, ni kuma na yi jarumta na soke duk da malaman Garo sun hana. Na ce, "Bayin Allah, hadisin nan ingantacce ne, Malam Ɗahiru bai ce komai a kansa ba, yana nan a cikin littafin. Sau biyu aka buga, na cire ɗaya." Na shiga na ɗauko shafin na nuna musu. Suka duba, suka dubi juna. Da za su tafi, ɗayansu ya rage murya ya ce, "Mun gane, Malam. Dole ka faɗi haka yanzu. Amma kada ka ji tsoro, muna bayanka."

Na tsaya a ƙofa da takarda a hannu har suka sha kwana. Rabin gari na fushi da ni, wasu kuma suna yabona, duk a kan abin da ban aikata ba. Daga nan ɗaliban Garo da na Kabo suka koma jifan juna da magana a waya, sunana a tsakiya, ba mai tambayata.

Aiki ya tsaya cak. Makarantun Islamiyya da ke kawo takardun jarrabawa da katin walima suka koma wani shagon. Hajara tana sayar da man gyaɗa a gida, maƙwabta suka rage aiko yara. A masallaci ba wanda ya hana ni sahu, amma na lura wanda ke kusa da ni yakan yi saurin tashi bayan sallama. Daminar nan gona na koma, na yi noman da na daɗe ban yi da hannuna ba. Zoben ma na cire na ajiye, sai aka ce ai ga shi nan ya ɓoye shaida. Na mayar.

Bayan an yi girbi, wata ranar kasuwa da hantsi, Alhaji Garba ya aiko in zo shago maza. Na tarar an shimfiɗa babbar tabarma a ƙofa, Malam Yahuza da Malam Ɗahiru suna zaune kafaɗa da kafaɗa. A mota ɗaya suka zo, kuma wannan kaɗai ya isa ya tara mutane. Na durƙusa na gaishe su.

Malam Yahuza ya ce, "Malam Habu, littafina ya kwana da yawa. Na zo mu ƙarasa. An ce da can mutum biyu ke yin aikin nan, ɗaya na karantawa ɗaya na bi. Ni zan karanta."

Na ce, "A nan waje, Allah gafarta Malam?"

Malam Ɗahiru ya ce, "A nan. Ciki akwai zafi."

Aka fito da sabon bugu na shafukan, wanda ba a taɓa ba, da kurakuransa duka. Malam Yahuza ya riƙe rubutun hannunsa yana karantawa a fili, ni ina bi da rula, Malam Ɗahiru yana saurare ido a lumshe. Masu zuwa kasuwa suka yi ta tsayawa, masu babura suka kashe inji. Muka zo shafin. Malam ya karanta hadisin da Larabci, ya karanta fassara, jama'a suka yi salati. Ya ce, "A takardata sau ɗaya yake. A taka fa?"

Na ce, "Sau biyu."

"To me ake yi?"

"Cire ɗaya ake yi."

"Bismilla."

Na ɗauki jan biro, na ɗaga kai, sai na ga wayoyi sun yi sama ta ko'ina, duk sun auna hannuna. Biron ya tsaya a iska. Malam Ɗahiru ya buɗe ido ya ce, "Ɗaga shafin sama tukuna, kowa ya ƙirga da idonsa." Na ɗaga, na juya shi dama da hagu. Wani tsoho mai sayar da igiya ya matso har hancinsa na taɓa takardar, ya ce da ƙarfi, "Biyu ne!" Aka yi dariya. Na ajiye na ja layukana.

Kuna tsammani nan abin ya ƙare? Kafin magariba hoton zaman nan ya fita, ni a durƙushe gaban malamai biyu, an rubuta a ƙasa, "Mai soke hadisai ya tuba a bainar jama'a." Malama Rabi ta kira tana ta faɗa, ta ce za ta mayar da martani. Na ce ta bari. Amma waɗanda suka tsaya a wurin sun gani da idonsu, kuma su ne masu kawo mini aiki, ba mutanen Zariya ba. A hankali takardun jarrabawa suka dawo, ba duka ba. Littafin ya fito, ana karantar da shi a Garo, ana karantar da shi a Kabo.

Abin da na sauya tun daga lokacin guda ne. Idan zan soke wani abu, ba na rubuta dalili a gefe. A kan abin da na soke nake rubutawa, a tsakanin layukan, yadda ba mai yanke ɗaya ya bar ɗaya. Shafin yakan yi muni, mai buga rubutu yana ƙorafi, amma haka za ku gan shi. Kuma idan kuka ga na kife takarda don wani ya tsaya a kaina, ba wulaƙanci ba ne.

Bara na je Kabo kai wa Malam Ɗahiru wani aiki. A hanyar dawowa na shiga motar haya, aka matse mu a baya ni da wani mutum mai fara'a, ɗan kasuwar hatsi, ba ɗan yankin nan ba. Muka gaisa, muka taɓa hirar farashin taki da ruwan bana. Can ya ce, "Baba, duniya ta lalace. Bari ka ga wani abu." Ya shafa waya ya miƙo mini. Hoton ne. Ya dushe saboda yawan tura shi, har Larabcin ba ya karantuwa sosai, amma ga zoben nan. Yanzu an ce a wata ƙasa abin ya faru.

Na ce, "Wannan a Gwarzo aka ɗauka. Hannuna ne." Na ɗora hannuna kusa da wayar, zobe kusa da zobe.

Ya duba, ya yi dariya har yana buga gwiwata. Ya ce, "Kai Baba, kana da ban dariya. Irin zoben nan ai ko'ina akwai shi. Wanda ya yi wannan ya mutu tuni. Hannun ne ya fara shanyewa, sannan ya mutu. Har hoton gawar na gani."

Na ce, "To, Allah ya ji ƙansa."

Ya ɓata rai ya ce, "A'a Baba, irin wannan ba a yi masa addu'a."

Muka iso tasha, ya taya ni sauko da jakata, ya ce in gaida mutanen gida.

Ga wuta nan an kawo. Ku tashi ku kunna injunanku, wanda ya buga katin bikin nan kuma ya kawo mini in gani kafin ya fitar.